Babu Hawa

Ni dai tun farko ban so jirgin nan ba. Mutum yana zaune a Madina, garin da ko rafi mai gudu babu, sai ya tashi ya sayi jirgin ruwa ya ajiye a Yanbu, garin bakin teku da sai ka yi tafiyar fiye da awa biyu a mota kafin ka isa. Ranar da maigidana ya zo yana nuna wa yara hotonsa a waya na faɗa masa gaskiya. Na ce, "Malam, mutanen kirki idan sun ajiye aiki gonar dabino suke nema." Ya ce dabino ba ya ja da mutum, kifi kuwa sai ka yi kokawa da shi. Yaran suka yi ta dariya, ni kuwa na kwashe kwanuka na shige kicin.

Ba zan ce bai san teku ba. Shekarunsa na aiki duk a can ya yi su, a ma'aikatar da ake tace ruwan gishiri, ruwan nan da muke buɗe famfo mu sha a Madina. Amma a nan aka haife shi, a unguwar Harra ta Gabas, kuma a hannun kakarsa ya tashi, tsohuwar da ta taho da ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ta bi ta Sudan, ta tsallako a jirgin katako. Har ta rasu Larabcinta bai wuce na salla da na cefane ba. A wurinta ya ɗauki Hausa, irin tsohuwar Hausar da ni kaina da aka auro daga Gumel sai na tsaya na yi tunani kafin in gane wata kalmar. A waje ba ka raba Larabcinsa da na kowane ɗan Madina. Amma da ya iso gida yake cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Doka ce ya kafa tun kafin a haifi kowa, cewa ba zai yi wa 'ya'yansa Larabci ba, kuma bai taɓa karya ta ba. Su kuwa makaranta da titi suka yi musu nasu aikin. Yana yi musu Hausa suna mayar masa da Larabci, a haka ake cin abinci a gidanmu, a haka ake faɗa kuma a shirya.

Ɗanmu na fari, wanda ba na kiran sunansa kamar yadda uwata ba ta kiran na yayana, ya yi wasu shekaru yana aiki a Riyad. Da ya dawo gida sai ciwon ubansa ya kama shi. Ya je ya yi takardar tuƙin jirgi, kowace Asabar suna hanya su biyu, su dawo mini da kifi da ƙarni da tufafi masu gishiri. Uban ke duba yanayi, ɗan ke tuƙi, kowa ya san aikinsa. Sai aka yi wa Malam aiki a gwiwa, likita ya ce ya zauna. Jirgi ma ya zauna, yaro yana ta zagaye gida kamar akuyar da aka ɗaure.

Zaman bai hana Malam duba nashara ba. Nashara ita ce sanarwar yanayin teku da ake fitarwa saboda masu jiragen ruwa, kuma shi ya fi duba ta a kan duba lafiyar iyalinsa. Zai ɗora tabarau a kan hanci, ya miƙe ƙafar nan a kan filo, ya yi ta jan yatsa a kan waya. Wancan hasashen da yara ke gani, mai hoton rana da ɗan gajimare, cewa yake na masu shanya ne. Shi abin da yake nema shi ne daga ina iska za ta taso, da wane ƙarfi, tsawon igiyar ruwa, da tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata. Ya ce gajeriyar igiya mai zuwa a jere ta fi doguwa mai zuwa a hankali mugunta ga ƙaramin jirgi. Akwai kuma taswira mai launi. Shuɗi lafiya ce, kore a yi hattara, idan ta yi rawaya ta fara ja to kowa ya zauna a gidansa. Ya sha faɗa mana cewa tekun Yanbu munafuka ce da safe, za ta kwanta luf har ka yi nisa, sai wajen azahar iskar arewa ta sauko. Ban nemi in koyi ko ɗaya ba, amma kullum a kunnena ake yi, dole na haddace.

Wata Juma'a, an sauko daga masallaci mun ci abinci, ina zuba shayi, yaron ya zo ya durƙusa kusa da ubansa.

"Abuya, kef al-bahar bukra?" Wato Baba, yaya teku gobe.

Malam ya jawo waya. Ina kusa da shi, na ga taswirar da idona. Wani rawaya ne ke gangarowa daga arewa, cikinsa ja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Gobe kam babu hawa."

"Akid?" in ji yaron, yana so ya tabbatar.

"Na ce maka babu hawa. Sam."

"Tamam, Abuya."

Ya miƙe ya sumbaci kan ubansa, fuskarsa fes, har da murmushi. Wallahi sai da na yaba masa a raina. Na ce yaron nan ya girma, an hana shi abin da yake so amma ko tsaki bai yi ba. Na ƙara masa shayi saboda haka.

Da safiyar Asabar ban gan shi ba, ban kuma damu ba, don ya saba fita bayan asuba ya dawo mana da burodi mai zafi da wake. Hantsi ya yi babu burodi. Na shiga ƙarƙashin bene ɗauko sabulun wanki, sai na ga wurin babban akwatin ƙanƙara wayam. Na ɗaga kai na dubi ƙusar da ake rataya makullin jirgi. Ƙusa ce kawai.

Ƙanwarsa tana falo da kofi a hannu. Na ce, "Ke, ina yayanki?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ya tafi Yanbu tun bayan asuba, shi da abokinsa, ɗan maƙwabciyarmu.

Malam yana kishingiɗe, ya yunƙura har sandarsa ta faɗi. "Yanbu wurin me? Ba jiya na hana shi ba?"

"Ka hana shi?" Yanzu ta ɗago. "Abuya, ai kai ka ce masa ma fi hawa. Ina nan na ji. Sau biyu ma ka faɗa."

Ina jin ƙarar firiji daga kicin.

Hawa a bakinmu hawa ne, na mota ko na jirgi. A bakinsu kuwa, da Larabcin nan da suka tashi da shi, hawa iska ce. Uban ya ce gobe ba a hawan jirgi, ɗan ya ji an ce gobe babu iska. Bai saɓa wa kowa ba. Ya tambayi wanda ya fi kowa sanin teku a wurinsa, ya sake tambaya don ya tabbatar, aka ce masa sam, ya sumbaci kansa ya tafi. Na nemi kujera na zauna da sabulun a hannuna.

Muka kira wayarsa, a kashe take ko babu layi. Ta abokin ma haka. Malam ya ce idan ƙaramin jirgi ya yi nisa da gaɓa waya ba ta kamawa. Ya kira wani tsohon abokin aikinsa da ke wuni a marsa, wato inda ake ɗaure jirage. Mutumin ya ce ƙwarai ya gan su, sun fita da fitowar rana, sun yi rajista a wurin masu tsaron gaɓa cewa sai la'asar za su dawo. Ya ce teku a kwance take kamar faranti, amma masu hankali duk sun ce kafin azahar za su juyo.

"Wane gefe suka yi?" in ji Malam.

"Kudu. Wajen sha'abin nan naka."

Malam ya rufe ido. Ban bari ya buɗe da kansa ba, na ce ya faɗa mini ko mene ne, ba na son ɓoye-ɓoye. Ya ce sha'abi duwatsun murjani ne a ƙarƙashin ruwa, a nan kifi yake taruwa, kuma wurin yana da nisa. Iskar daga arewa maso yamma za ta zo. Wanda ya yi kudu, idan zai dawo gida, hancin jirginsa zai sa a cikin igiyar kai tsaye. Tafiyar da ya yi a sauƙaƙe da safe za ta ninka, fetur zai ƙare da wuri, kuma idan inji ya mutu jirgi ya ba wa igiya gefensa, to sai yadda Allah ya yi. Ya faɗi haka da murya a daidai, sannan ya miƙa wayar. Yarinyar ce ta karɓa ta kira masu tsaron gaɓa. Ya ba su lambar jirgi da wurin da yake zato. Suka ce sun ji, za su duba, kada ya kashe wayarsa.

Na ce, "Tashi mu tafi."

Ya ce zuwanmu ba zai kwantar da iska ba.

Na ce, "Zamanmu ma ba zai kwantar da ita ba. Ni ba zan zauna a Madina ina kallon launi a waya ba."

A bakin ƙofa muka haɗu da maƙwabciyar, uwar abokin. 'Yar Cadi ce, ɗan nan nata shi kaɗai gare ta, ga tsohuwarta a kwance ba ta iya barinta. Tana fara'a ta ce, "Hajiya, ina zuwa da ranar nan? Ni har na jiƙa shinkafa, yau kifi za mu ci." Na so in ce mata asibiti za mu kai Malam, bakina ya ƙi. Na gaya mata a taƙaice. Ta zauna a kan dakalin ƙofarta. Na ce da na ji wani abu zan kira ta, ta gyaɗa kai.

Yarinyar ce ta ja motar. Malam yana gaba, an tura kujerarsa baya saboda ƙafar, ni ina bayansa. Da muka fita gari muka ɗauki hanyar Badar, rana tana tsaka, babu ko ganye mai motsi. Abin ya ba ni ɗan sanyi. Na ce wataƙila masu nasharar sun yi kuskure, ai su ma mutane ne. Ya ce sukan yi kuskuren lokaci, ta zo da wuri ko ta makara, amma irin wannan ba ta fasa zuwa. Ya miƙo mini wayar ta kan kafaɗarsa. Rawayan ya riga ya sauko kan Yanbu, jan yana biye.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma idan raina ya ɓaci ba na tauna magana. Na ce, "Kai da Hausarka! Kalmomi nawa ne a duniya, sai wannan ka zaɓa? Ba ka iya cewa kada ka je ba? Ba ka iya cewa akwai iska ba? Yaro ya tambaye ka da Larabci, ransa ne a ciki, me zai ci ka idan ka amsa masa da abin da zai gane? Kakarka ta rasu, Allah ya ji ƙanta, amma ɗana yana da rai." Na faɗi abin da ya fi haka ma. Yarinyar ta ce, "Ummi, bas," wato ya isa, tana kallona ta madubi. Na ce ta tuƙa motarta.

Malam ya miƙo hannu baya. Ya karɓi wayarsa, ya buɗe wurin saƙon yaron, ya danna ya kai ta bakinsa. Sai na ji Larabci.

Ban taɓa jin ya yi wa ɗansa Larabci ba, ko ranar da aka haife shi. Yarinyar ma sai da motar ta ɗan karkace a hannunta. Yana magana a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai karanta wa yaro allo. Ya ce, ya waladi, wato ɗana, akwai iska mai ƙarfi tana zuwa daga arewa, ban ce maka babu ba, cewa na yi kada ka hau. Ku sa rigunan ceto yanzu, ku biyun. Idan ta riga ta same ku kada ka nufi gida. Ka zagaya bayan sha'abi ta kudu inda duwatsu ke karya igiya, ka jefa anga ta riƙe jirgin wuri ɗaya, ka saki igiyar angar duka, kada ka rage. Idan dole ka yi tafiya ka rage gudu, ka karɓi igiya da kafaɗar jirgi, kada ka ba ta gefe. Kada ka kashe inji sai anga ta kama. Ya saki, ya sake dannawa ya maimaita daga farko. Kowane saƙo ya tafi da alama guda ɗaya mai toka a gefensa, wadda ke nuna bai isa ba.

Bayan mun wuce Badar iskar ta tarye mu. Da farko leda ce ta tsallaka titi da gudu, sai yashi ya fara rarrafe a kan kwalta, sai motar ta fara jin ana ture ta daga dama. Yarinyar ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Maƙwabciyata ta kira, na ce muna hanya. Ta sake kira, na ce har yanzu muna hanya. Ni da na tashi a garin da babban ruwansa kududdufi ne, na zauna ina lissafa yadda igiya take a raina, na kasa. Tsoro nake ji, kuma haushin Malam yana nan bai tafi ba.

Da muka isa marsa sai da na riƙe mayafina da hannu biyu. Jirage duk sun dawo, an ɗaure su suna ta gwara kai da juna. Gurbin namu ne kawai babu kowa, igiyar ɗauri tana lilo a ruwa. Bayan katangar duwatsun da ta kare marsar, tekun ba shuɗiya ba ce kamar a hoto. Baƙi-baƙi ce, ko'ina fari yana fashewa a kanta kamar kumfar wanki, kuma ƙarar ba ta tsayawa ko na numfashi ɗaya. Abokin Malam ya zo ya kama shi, ya ce masu tsaron gaɓa sun fita da babban jirginsu tun ɗazu. Aka kawo wa Malam kujera ya ƙi zama. Ya tsaya a kan sanda da ƙafa ɗaya yana kallon kudu.

Muka yi azahar a wata rumfa, ban san me na karanta ba. Masunta suna tattare a gefe suna magana ƙasa-ƙasa, da na matso sai su yi shiru. Ɗaya ya ce wa Malam idan yaron ya nufo gida kai tsaye to da tuni ya iso ko an gan shi. Rashin ganinsa yana iya zama alheri, wataƙila ya fake. Yana iya zama kuma ɗayan. Bai faɗi ɗayan ba, amma duk mun ji shi.

Na tambayi Malam yaushe za ta kwanta. Ya duba waya ya ce sai bayan faɗuwar rana za ta fara sauka, kafin nan ƙaruwa za ta yi. Na ce to me amfanin nasharar taka, tana gaya maka abin da zai faru ba ta hana shi? Ya ce amfaninta jiya ne.

An kira la'asar yarinyar ta damƙe hannuna. Ita ce ke riƙe da wayar ubanta a lokacin. Ta nuna mini. Alamun sun zama biyu-biyu, tun daga saƙon farko har na ƙarshe. Saƙonnin sun isa. Muka kira nan take, ba ta shiga ba. Muka sake, shiru. Malam ya ce wataƙila igiya ce ta ɗaga jirgin sama layi ya kama na ɗan lokaci. Na ce ko kuma waya ce kawai take yawo a ruwa. Yarinyar ta ce waya ba ta aiki a cikin ruwa, Ummi, kuma duba, an saurara. Ta nuna mini launin da ya canza a kan saƙon farko. Wani ya danna ya ji. Na riƙe wannan da hannu biyu, don ba ni da wani abin riƙewa. Na kira maƙwabciyata na gaya mata, na ji tana salati tana kuka.

Daga nan kuma sai jira. Rana ta yi ƙasa, inuwar rumfar ta bar mu, gishiri ya bushe a fuskata. Ƙafar Malam ta kumbura har bandejin ya matse, na ce ya zauna don Allah, ya yi kamar bai ji ba. Can wayarsa ta yi ƙara, lambar masu tsaron gaɓa ce. Ya saurara, ya ce na'am, ya sake cewa na'am, sannan ya zauna a ƙasa, ba a kujerar ba. Ya ce sun same su a bayan sha'abi, su biyun, da rai.

Rana tana dab da faɗuwa babban jirgin ya shigo yana jan namu a baya kamar ɗan maraƙi. Gilashin gaba ya fashe, akwatin ƙanƙara babu shi. Abokin aka fara fitowa da shi, hannunsa a ɗaure a ƙirji, ya bugu da ƙarfe ya karye, ya yi amai har ya gaji. Sai ɗana. Leɓɓansa sun tsage, tafin hannunsa duk igiyar anga ta yanke shi, rigar ceto tana jikinsa. Ni da ban taɓa kiran sunansa ba ko a ɗaki, sai na ji shi ya fito daga bakina a gaban masunta da ma'aikata. Ban ji kunyar kowa ba. Na rungume shi yana ɗigar ruwa, sannan na kai masa duka a kafaɗa, sannan na sake rungume shi.

A mota muna komawa, bayan an ɗaure hannun abokin a asibiti kuma uwarsa ta ji muryarsa, ɗana ya ba mu labari, da Larabci kamar kullum. Ya ce da iskar ta fara bai ɗauke ta komai ba, tunda Abuya ya ce babu, ya ɗauka wucewa za ta yi. Da ta ƙaru ya cire anga ya nufi gida. Igiya ta farko ta fasa gilashi, ta biyu ta jefar da abokinsa. Yana cikin haka wayar da ke aljihunsa ta yi ta kaɗawa, ya kai ta kunne da hannu ɗaya.

"Ba maganar ce ta fara tsorata ni ba," in ji shi. "Da na ji Abuya yana yi mini Larabci, na san abin ya kai. Nan take na juya."

Malam yana gaba, bai waiwayo ba. Na ga kafaɗarsa tana motsi.

Na zaci shi ke nan, an gama. Ashe akwai saura. Daga ranar nan Malam bai sake yi wa yaron Hausa ba. Miƙo gishiri da Larabci, rufe ƙofa da Larabci, ka yi salla da Larabci. Ƙanwar ma haka. Ni kaɗai yake yi wa Hausa, ita ma a taƙaice. Ni ce na nemi haka a hanyar Badar, da bakina, kuma da na samu sai na ji gidan ya zama kamar na haya. Na ce masa maganar fushi ce, ya bar ta. Ya ce maganar gaskiya ce, fushi ne kawai ya fito da ita. Ya ci gaba da duba nashararsa kullum, amma ya daina karanta ta a fili.

Aka gyara jirgi, gwiwa ta warke rabi da rabi, hannun abokin ya haɗe. Wata Juma'a kuma, ina zuba shayi, yaron ya zo ya durƙusa a wurin da ya durƙusa waccan ranar. Ya yi gyaran murya.

"Baba, gobe akwai iska, ko babu iska?"

Hausar a karkace ta fito, kamar ta baƙon da ya kwana biyu a Kano. Malam ya dube shi ta saman tabarau, ya amsa da Larabci cewa za a samu sauƙi da safe.

"A'a. Ka faɗa da Hausa," in ji yaron. "Idan ban gane ba, zan tambaya."

Malam ya mayar da ido kan taswira. Shuɗiya ce har zuwa rana tsaka, sai ɗan kore a can sama. Na ajiye butar.

"Iska kaɗan ce da safe," in ji shi. "Amma kafin azahar ku fito."

Yaron ya juya maganar a kansa. Sannan ya ce, "Mu fito, yaani mu fita zuwa teku, ko mu baro teku?"

Malam ya cire tabarau ya goge idonsa da bayan hannu. Ya janye ƙafar mai ciwo, ya matsa gefe a kan tabarma ya ba shi wuri, ya ce ya zauna sosai, fita daban fito daban, bari ya nuna masa.